Aikin sifikun gidanmu kafin azumi

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Kayan da Yaya ya aiko daga Ingila sun iso Bauchi jiya da yamma. Wani abokinsa ne ya sauka da su a Kano, ya sa a mota, na je tasha na karɓa. Sifiku huɗu ne: Sonos Play:1 guda uku, da Symfonisk ɗaya, wanda IKEA ta yi tare da Sonos, mai kama da bulo a tsaye. A ƙasan kwalin akwai ƙaramin Echo Dot, na'urar Amazon mai karɓar umarni da murya, naɗe cikin safa. Duk tsofaffinsa ne, ya sauya sababbi. An yi sa'a filoginsu mai ƙafa uku ne irin namu. Kuɗin mota ₦6,000, mai keke ₦800.

Ana sa ran azumi farkon Maris. Ina so kafin nan gidan ya riƙa tashinmu sahur da kansa, a sa wa Hajiya karatu a ɗakinta bayan asuba, in an ga dama a haɗa ɗakunan duka su ji abu ɗaya, in ba a ga dama ba kowa ya ji nasa. Ɗaya falo, ɗaya ɗakin Hajiya, ɗaya kicin, ɗaya baranda mai fuskantar tsakar gida.

Na kai wa Hajiya nata. Ta juya shi, ta nemi eriya ba ta gani ba. Na ce da intanet yake aiki. Ta ce, "To ni rediyona bai taɓa ce mini sai da intanet ba." Na ajiye mata a kan durowa na fito.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yini guda ya tafi a banza. Da farko sai da na wanke kowanne daga asusun Yaya: a danne maɓallin kunnawa, a jona wuta, a riƙe har fitilar ta fara ƙifta fari da ruwan goro. Wannan ya yi. Amma waya ta ƙi ganinsu. Na ɗauki lokaci kafin in gane cewa Play:1 ba ya hawa Wi-Fi na gida sai mai zangon 2.4GHz, ni kuma MiFi ɗina a kan zangon 5GHz na bar shi. Na mayar, biyu suka fito, biyu suka ɓace. Katangar gidan nan ta bulo ce mai inci tara, ɗan MiFi kuwa ko ɗakin Hajiya ba ya kaiwa sai an buɗe ƙofa. Ga sanyi, wa zai bar ƙofa buɗe? Sai an sayi rauta ta gaske.

Laraba, 15 ga Janairu

Na samu rauta ta hannu mai cin sim a wajen Wunti, ₦32,000 bayan dogon ciniki. Kebul mita 20, ₦7,500. Katin memori na Raspberry Pi 4 ɗina, ɗan ƙaramin kwamfutan da ya shekara a durowa, ₦6,500. Na jona sifikar falo da kebul kai tsaye. Da zarar an yi wa ɗaya haka, sai su kafa tasu hanyar tsakaninsu, wadda ake kira SonosNet, kowacce tana miƙa wa ta gaba. Duka huɗun sun fito. Sabunta manhajarsu ya lashe data, na rufe ido.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na shiga abin da ya sa na ɗauko aikin. Kowace sifika ashe 'yar ƙaramar kwamfuta ce mai sauraron umarni a ƙofa mai lamba 1400. Na rubuta 192.168.1.21:1400/xml/device_description.xml a burauza, sai ga takardar shaidarta: sunan ɗaki, samfuri, da wata doguwar lamba mai farawa da RINCON, wadda ita ce sunanta na yanka. Ba a tambaye ni kalmar sirri ba. Duk wanda ke kan Wi-Fi na gidan zai iya ce mata ƙara murya ta ƙara. Nan take na sauya kalmar sirrin rauta, domin na san 'ya'yan maƙwabta sun riga sun haddace tsohuwar.

Ana iya aika umarnin da hannu, cikin dogon rubutun XML, na gwada sau ɗaya don in ga yadda yake, ban sake ba. Akwai SoCo, tarin umarni na Python, wani yaren rubuta manhaja, da wasu bayin Allah suka rubuta kyauta. Da shi layi ɗaya ya isa: join ya haɗa, unjoin ya raba, play_uri ya kunna. Sautin kuwa ba Pi ne ke tura shi ba. Na zuba fayilolin karatu a cikin Pi, na buɗe masa ƙofa ta 8000, sai in ba sifika adireshin fayil, ita da kanta ta je ta ɗebo.

Inda na makale shi ne haɗi. Na haɗa falo da kicin, na ce wa ta kicin ta dakata, sai kuskure ya faɗo mini: wannan umarni na jagora ne kaɗai. Na yi ta maimaitawa har uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, abincin nan fa ya huce." A kan tuwon na gane. Sahu ne. Idan an haɗa sifiku, ɗaya ce liman, sauran mamu. Liman ke ɗebo sauti ya raba wa na baya, kuma tsayawa da tafiya duk nasa ne. Mamu ba ya yin sallama don kansa, sai dai ya fita daga sahu. Abin da kowanne ke da iko da shi shi ne ƙarfin muryarsa. Shi kansa umarnin shiga sahu ba komai ba ne illa a ce wa sifika, "abin da za ki kunna shi ne x-rincon da lambar wancan." Tun da na fahimci haka, duk umarnin tsayawa ko kunnawa sai in fara tambaya waye liman a wannan sahu, sannan in aika masa.

Na kunna karatun Husari a duka huɗun, na tsaya a bakin kicin inda kunne ke jin uku a lokaci ɗaya. Ko kusa babu amsa-kuwwa. Na daɗe a tsaye.

Talata, 21 ga Janairu

Na rubuta 'yar manhaja da Flask, kayan aikin Python na gina shafin yanar gizo. Adireshi huɗu: /duka, /hajiya, /raba, /shiru. Daga waya ina taɓawa yana yi.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ƙurar hunturu. Na goge ragar ta baranda da tsohon buroshin haƙori. Ba wani aiki.

Asabar, 25 ga Janairu

Matsala biyu a mako ɗaya, kuma uwarsu ɗaya: wuta.

Ranar Juma'a na taɓa /hajiya sai karatu ya tashi a kicin. An ɗauke wuta da dare, rauta ta mutu ta farfaɗo, ta sake raba adireshi yadda ta ga dama, mai 21 ya zama 24. Laifina ne, na rubuta lambobin a cikin manhaja kamar ba za su taɓa sauyawa ba. Na shiga rauta na ɗaure wa kowacce adireshinta, sannan na gyara manhajar ta riƙa nemansu da sunan ɗaki.

Ta biyu ta fi ban haushi. Gidanmu layi biyu ne: falo da ɗakin Hajiya suna kan inbata, kicin da baranda suna kan wutar gari zalla. Uwargida ta fara kunna wa'azi daga kicin, sannan aka haɗa sauran, wato kicin ne liman. Ana tsaka da ji aka ɗauke wuta, liman ya faɗi, sai gidan duka ya yi tsit, alhali falo da ɗakin Hajiya fitilarsu na ci. Yanzu na kafa doka a cikin manhaja: duk haɗin da za a yi, falo ne liman, domin shi ke da kebul, shi ke kan batir. Na kuma kira mai gyaran wuta ya jawo soket ɗaya daga layin inbata zuwa kicin. Da waya da kuɗin hannu ₦15,000. Baranda ta jira.

Na auna da 'yar mitar soket: kowace Play:1 tana shan kusan wat 4 ko ba ta cewa komai. Kaɗan ne, amma dare da rana ne, kuma batiranmu biyu sun fara tsufa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Garin neman gira na kusa rasa ido. Ta ɗakin Hajiya takan ɗan yanke lokaci-lokaci, sai na ce bari ita ma in ja mata kebul. Na sayo ƙaramin suwic marar suna, wato akwatin raba kebul na intanet, ₦9,000 da kebul ₦4,000, na jona falo da ɗakinta duka a kai. Minti biyu ba a yi ba fitilun suwic suka kama ƙiftawa kamar na gidan biki, intanet ya tsaya cak a kowace waya, yara suka fito daga ɗaki suna tambaya ko data ce ta ƙare.

Abin da ya faru: yanzu akwai hanya biyu tsakanin sifikun nan, ta kebul da ta iska. Akwai ƙa'idar da ake kira STP wadda suke amfani da ita su rufe ɗaya, amma saƙonnin da suke aika wa juna don yin hakan suwic ɗin nan haɗiye su yake yi. Sai saƙo ya riƙa zagaye ba iyaka har ya cika hanya. Na zare kebul ɗaya, komai ya dawo. Yankewar kuwa ashe rauta da SonosNet ne ke kan tasha ɗaya, ta 6. Na mai da rauta 1, su na kai su 11. Maganin kyauta, bayan na kashe ₦13,000.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na fito da Echo Dot daga safa. Play:1 ba ta da makirufo, don haka shi ne kunnen gidan. Akwai hanyar hukuma ta haɗa Alexa, muryar da ke amsawa a cikin Echo, da Sonos, amma ta asusu da intanet take bi, ni kuma fayilolina suna cikin Pi. Sai na sa ha-bridge, manhajar da ke sa Pi ya yi shigar akwatin fitilun Philips Hue, waɗanda ake iya kunnawa da murya. Alexa tana zaton ƙwan lantarki take kunnawa, alhali adireshin /duka ake taɓawa. Sai a ƙofa ta 80 take ganinsa, wannan ya ci mini awa guda. Yanzu a idonta gidanmu na da fitilu huɗu da ba su haska komai.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Alexa ba ta jin Hausa, wannan na sani tun farko. Dabarar da na yi: in faɗi maganar da Hausa sau biyar, in buɗe tarihin murya a manhajarta in ga da wane Turanci ta rubuta, sai in ɗauki wannan shirmen in sa shi ya zama kalmar da ke tayar da umarni. "Shiru" ta kama shi cikin sauƙi, don ta ji kamar sunan mace. "Duka" ma ya zauna. "Tsakar gida" kuwa sau biyar, rubutu biyar daban, ɗaya har da ƙwallon ƙafa a ciki. Tsa da ɗa da ƙa ba su cikin kunnenta. Na haƙura na sa wa baranda suna "waje".

Yara sun ƙware cikin yini ɗaya. Autarmu takan tsaya gabanta da hannu a ƙugu, ta yi mata tsawa da Turancin firamare, kuma ta fi jin maganarta a kan tawa. Hajiya na roƙa ta gwada. Ta ce, "Kai, ni da girmana in tsaya ina kiran sunan wata a cikin gwangwani? Ko sallama ba ta amsawa." Ban da amsa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Daren jiya na ji kunyar da na daɗe ban ji ba.

Na so in yi wayo: tunda Alexa na iya rage hasken fitila, bari hasken ya zama ƙarfin murya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, kowa ya kwanta, na gama haɗawa, na ce a hankali ta sa "duka" a kashi 40. Gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Kwanukan kicin har rawa suke. Jaririn ƙanwata ya tsala ihu, karen maƙwabta ya amsa, ni kuma ina ta ihun "shiru, shiru" amma Echo ba ya jina saboda ƙarar. Da gudu na je na kashe inbata, gida ya yi duhu.

A ha-bridge ana iya miƙa hasken ta hanya biyu: kashi cikin ɗari, ko ma'auni mai kaiwa 255. Na ɗauki na biyun ban lura ba. Kashi 40 ya zama ɗari da 'yan kai, murya kuwa iyakarta 100, sai aka ba ni iyakar. Cikin duhu na ji muryar Hajiya daga ɗaki, ba faɗa, a natse: "An yi sallar ne?" Da safe na shiga gaishe ta na ba da haƙuri. Ta ce Allah ya shirya, ta ci gaba da jan carbi. Maƙwabcinmu ma na tare shi bayan azahar, ya yi dariya ya ce ya zaci an buɗe sabon masallaci a layin.

Yanzu akwai shinge biyu. A manhajata babu umarnin da zai wuce 35, bayan isha'i 20. A manhajar Sonos kuma na sa wa kowane ɗaki iyakar murya, ko da na sake yin wauta.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na gwada Whisper na OpenAI, manhajar da ke mai da magana rubutu, tunda Hausa na cikin harsunan da aka lissafa masa, da fatan a yi magana da harshen gida kuma ba sai an fita intanet ba. Ƙananan samfuransa ne kawai Pi 4 ke iya ɗauka. Na ce "kunna karatu a ɗakin Hajiya", na jira har na sha rabin kofin shayi, ya rubuto abin da ba Hausa ba, ba kuma wani yare da na sani ba. Manyan sun fi ƙarfin injin. Na ajiye wannan sai bayan salla.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Data ta ƙare da rana. Echo ya yi jan zobe, ya ce ba ya iya haɗuwa. Dama can shi kunne ne kawai, maganar sai ta je kwamfutocin Amazon a fassara ta dawo, ko da abin da za a kunna yana taku biyar daga inda yake. Amma na taɓa /duka daga waya, karatu ya tashi lafiya lau, domin Pi da rauta da sifiku duk 'yan gida ne. Na yanke shawarar ba zan sayi data ba sai Litinin, in ga abin da zai tsaya da ƙafarsa. Sahur dai ba zan jingina shi da murya ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gwajin sahur. Na tsara ƙarfe 4:00: a haɗa duka, a fara daga murya 5, a hau a hankali zuwa 18 cikin minti biyu. Daren Juma'a ya yi daidai. Daren jiya kuwa shiru. Na farka da kiran salla, muka je masallaci muka dawo, gari ya waye, uwargida na dama koko, sai ga tashin sahur ya fara, bakwai saura.

Na bi sawu. Batir ya ƙare cikin dare, inbata ta yanke, sai da aka kawo wuta komai ya tashi. Pi 4 ba shi da agogo mai batir. In ya farka, intanet yake tambaya ƙarfe nawa, in babu sai ya ɗora daga lokacin ƙarshe da ya adana, kamar wanda ya yi barci ya tashi yana ci gaba da zancen jiya. Da a cikin azumi ne, da gidan nan an yi ɗore, kuma an san wanda za a kalla. Gara da ya faru yanzu.

Na yi odar DS3231 daga Kano, ɗan agogo mai batirin kwabo da ake sokawa a ƙafafun Pi, ₦4,500. Na haɗa da kayan yi wa Hajiya akwatin maɓalli: ESP8266, ɗan guntun na'ura mai Wi-Fi, ₦7,000, maɓallai da ɗan akwatin roba ₦2,000, kuɗin saƙo ₦3,000. Firiza kuma daga yau ba ta kwana a kan inbata.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kaya sun iso. Agogo ya zauna: na zare wuta awa biyu ba intanet, ya tashi da lokaci daidai.

Akwatin Hajiya: maɓalli uku, kore karatu, ja shiru, fari shirin safe na BBC Hausa in akwai data. Kowanne adireshi ɗaya yake taɓawa a Pi, shi ke nan. Na huda murfin da ƙusa mai zafi, na ƙona yatsa. Na ɗiga wa koren ɗan gam a kai don ta gane shi da taɓi cikin duhu. Na manna shi a jikin gado, ta gefen da take ajiye carbi da tocila. Ta danna kore, ta saurara, ta danna ja. Ta sake danna kore. Ta ce farin ban da amfani, rediyonta na nan.

Jimillar abin da na kashe zuwa yau ₦97,300, ban da data.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, gobe ɗaya ga Ramadan. Na duba agogon Pi sau uku. Na kuma saita ƙararrawar wayata, ban gaya wa kowa ba.

Asabar, 1 ga Maris

Ƙarfe 4:00 karatun sahur ya tashi a falo da kicin da ɗakin Hajiya. Baranda babu wuta, ba ta shiga sahu ba, sauran kuma ba su damu ba. Na tarar da uwargida ta riga shi da minti ashirin, ta ce ita ba ta yarda da shi ba tukuna. Hajiya ta bar shi ya kai ƙarshen sura sannan na ji ta danna ja.

Da rana ɗan ƙanwata ya gano cewa in aka danne maɓallin kan Play:1 aka riƙe, sifikar na shiga sahun da ke kunne, ya yi ta haɗa kicin da waƙoƙin yara ana tsaka da aikin buɗa-baki. Na ɗaga ta saman kabad.

Zafi ya fara, fankoki za su dawo, batir ba zai kai asuba ba. Ranar Litinin zan tambayi kuɗin ƙaramin UPS, wato batirin ko-ta-kwana, na rauta da Pi, in kuma ji ko mai gyaran wuta zai ja layin baranda kafin goman ƙarshe.